Yadda Muka Kashe 3G a Kamfaninmu

Umarnin kashe 3G ba daga wajenmu injiniyoyi ya fito ba, daga ofishin kuɗi ya sauko. Ni ina sashen tsara rediyo ne a wani kamfanin sadarwar wayar hannu, mu ne masu yanke wace eriya za ta kalli ina, da wane ƙarfi, a kan wane zango. Mun daɗe muna kai kuka cewa 4G ta cika ta batse a wuraren cunkoso, da yamma ta yi sai intanet ta koma rarrafe, a taimaka a sayo mana ƙarin zango. Amsar da ta dawo gajeriya ce: babu kuɗin sabo, ku je ku kwance wanda 3G ke zaune a kai.

Wanda ba ya cikin harkar yakan ɗauka turakun ƙarfen nan da ake gani su ne dukiyar kamfanin waya. Dukiyar gaskiya ita ce zango, wato yankin igiyar rediyo da hukuma ta ba ka lasisin amfani da shi na wasu shekaru. Ba a ƙera shi, ba a ƙara shi, sai dai a raba wanda ke akwai, kuma galibi ta hanyar gwanjo ake rabawa. A shekarar 2000 kamfanoni 5 suka biya gwamnatin Birtaniya fam biliyan 22.5 kuɗin lasisin 3G, a Jamus kuma abin ya kai kimanin yuro biliyan 50. Wasunsu sun yi shekaru suna fama da bashin. Zangon da aka kusa tsiyacewa a kansa ke nan, yau ake cewa fasahar da ke kai ta tsufa, a sauke ta a ɗora wata.

Da na zauna da takardun da suka turo, ban ga inda zan musa musu ba. Muna tafiyar da fasaha uku a lokaci guda, 2G da 3G da 4G, ga 5G tana tafe. Kowace da na'urorinta a kan turke, kowace tana shan wuta dare da rana ko da babu mai kira, kowace da kuɗin lasisin manhaja da ake biyan kamfanin da ya ƙera ta duk shekara. A harkar nan mafi yawan wutar da kamfani ke sha a turaku take tafiya, ba a ofis ko ɗakin kwamfutoci ba. A ɗaya ɓangaren kuma abin da mai layi ke kashewa a wata ya ƙi motsi, alhali datar da yake zuƙa sai ninkuwa take yi. Saƙon tes da kiran ƙasashen waje, waɗanda a da su ne romon cinikin, WhatsApp da ire-irenta sun kwashe. Saura data, ita kuwa ribarta tana hannun wanda ya fi iya tura ta da araha, kuma megahaz ɗaya a hannun 4G ya fi ɗaukar kaya nesa ba kusa ba a kan megahaz ɗaya a hannun 3G.

Tambayar da kowa ke yi mini a waje ita ce me ya sa ba a fara da 2G ba, tunda ita ce babba. Haka ne, tun 1991 aka fara kiran GSM, wato 2G, a Finland, 3G kuwa sai 2001 ta fara aiki a Japan. Amma ba shekaru ake dubawa ba, wurin da kowace ke ci ake dubawa. Tashar 3G guda ɗaya tana cin faɗin megahaz 5 cif, ko mutum ɗaya ne a kai. Tashar 2G kilohaz 200 ce kacal, wato kashi ɗaya cikin biyar na megahaz ɗaya, ana iya matse ta a wani lungu na zangon megahaz 900 ta ci gaba da ɗaukar murya da ƙananan na'urori. Aikin da aka kawo 3G dominsa, wato data, 4G ta fi ta iyawa. Shi ya sa kamfanonin Jamus suka rufe 3G a 2021 suka bar 2G. Ba kowa ya bi wannan hanya ba: Singafo ta kashe 2G tun a Afrilun 2017, AT&T a Amurka ma ta fara da 2G a farkon 2017 sannan ta rufe 3G a Fabrairun 2022. Kowa da irin wayoyin da ke hannun mutanensa. Mu dai 2G aka ce a bari.

Kashewar ita kanta umarni ne da ake rubutawa a kwamfuta, kafin ka ɗaga kai tashar ta yi shiru. Abin da ya cinye mana lokaci shi ne gano su waye ke rataye a jikinta.

Muka fara da ƙidaya. Kowace waya tana da lamba mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, wadda za ka gani idan ka danna *#06#. Alƙaluma 8 na farko su ke faɗin kamfanin da ya ƙera wayar da samfurinta, kuma GSMA, ƙungiyar kamfanonin sadarwar waya ta duniya, ce ke riƙe da rajistarsu. Sai muka ɗauko jerin duk na'urorin da suka taɓa 3G, muka gwama da rajistar, don mu san wace ke iya 4G wace ba ta iyawa. A takarda abin mai sauƙi ne. A zahiri muka tarar da tarin wayoyin jabu da ke amfani da lambar wata wayar, har ka ga lamba ɗaya tana kira daga wurare da yawa masu nisa da juna a sa'a guda. Rajista ta ce wayar zamani ce mai 4G, abin da ke hannun mutum kuwa ko kusa. Dole muka bar abin da lamba ke faɗa muka koma ga halin wayar: shin ta taɓa hawa 4G ko sau ɗaya a wurin da muka san 4G na da ƙarfi?

Nan ne jerin ya rarrabu. Akwai masu wayar da ba ta san 4G ba sam. Akwai masu waya mai kyau amma sim ɗinsu tsoho ne na zamanin 2G, wanda 4G ba ta karɓa, domin tana buƙatar sabon nau'in da ake kira USIM. Akwai waɗanda da hannunsu suka kulle wayar a kan 3G, wai don batir ya daɗe ko don kada data ta yi saurin ƙarewa. Waɗannan biyun na ƙarshe ba su da wuya, saƙo da canjin sim kyauta sun isa, in dai mutum ya karanta saƙon. Sai kuma rukunin da ya fi kowane girma, wanda bai ma san yana cikin matsalar ba: mutanen da ke ganin 4G a saman wayarsu kullum, amma duk kiran da suka yi a kan 3G yake tafiya.

Wannan yana buƙatar bayani, don shi ne zuciyar aikin. Lokacin da aka fara 4G a Stockholm da Oslo a Disambar 2009, data kawai take ɗauka. Ba a gina ta da hanyar kira irin ta da ba, wadda ake ware wa mutum layi nasa har ya gama magana. Dabarar da kamfanoni suka yi amfani da ita shekara da shekaru ita ce, da zarar ka danna kira ko an kira ka, sai cibiya ta sauko da wayarka zuwa 3G ko 2G, ka gama, sannan ta mayar da kai sama. In ka taɓa lura alamar 4G ta ɓace daidai lokacin da waya ke ƙara, abin da ke faruwa ke nan. Idan aka janye 3G, duk waɗannan kiraye-kirayen kan 2G za su zube, ita kuma ga shi muna shirin matse ta. Mafita ɗaya ce, a ɗora murya a kan 4G ɗin kanta, abin da ake kira VoLTE.

VoLTE ba maɓalli ba ne da ake kunnawa. Sai an gina wata cibiya ta daban mai suna IMS, wadda ke ɗaukar murya a matsayin data amma ta ba ta fifiko a kan sauran, don kada bidiyon wani ya sa muryarka ta riƙa yankewa. Sai an buɗe wa kowane layi izini a rumbun bayanan masu layi. Duk wannan a hannunmu yake, kuma mun yi. Abin da ba ya hannunmu shi ne wayar. Waya tana iya samun duk kayan da ake buƙata a cikinta amma ta ƙi yin VoLTE a kan sabis ɗinmu, saboda kamfanin da ya ƙera ta bai sa bayanan cibiyarmu a manhajarta ba. Sai ka bi masu ƙera wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ku yi gwaji, su amince, su fitar da sabuntawa, sannan ka zauna jiran mai wayar ya sauke ta. Manyan kamfanoni suna da layin jira da sharuɗɗansu. Ƙananan wasu ma ba ka samun wanda zai amsa wasiƙa. Samfurin da aka daina sayarwa kuwa, babu mai sha'awar taɓa manhajarsa, don ba za a ƙara samun ko sisi a kansa ba.

A ganina nan ne harkar ta fi rashin adalci. An rubuta ƙa'idar VoLTE da zaɓuɓɓuka masu yawa, kowane kamfani ya ɗauki nasa, har ya zama waya ɗaya tana kira a wannan sabis ɗin ta kasa a wancan. A zamanin GSM ka sa sim ka kira, shi ke nan. Yanzu mutum ya sayi waya da kuɗinsa, lafiyarta ƙalau, a ce masa ta mutu saboda kamfanoni biyu ba su zauna sun daidaita wani fayil ba.

Mun ware ɗaki guda muka cika shi da wayoyi, sababbi da tsofaffi, har da waɗanda muka aro daga ma'aikata. Kowace sai an kira da ita, an kira ta, an tura mata tes, an gwada ko lambar sirri ta banki tana shigowa, an gwada lambobin nan masu tauraro da ake duba kuɗi da su. Wani matashin injiniya da ke ƙarƙashina shi ya ɗauki gwajin kiran gaggawa. Wata rana ya shigo ya ce, "Oga, zo ka ga wannan. Tana kiran kowa a kan 4G, amma da na danna lambar gaggawa sai ta sauka tana neman 3G." Muka maimaita a kan wasu samfura, muka samu irinta ba ɗaya ba. Manhajar wayar ce aka rubuta haka, kiran yau da kullum ya bi sabuwar hanya, na gaggawa ya bi tsohuwa. Mai irin wannan wayar ba zai taɓa sanin akwai matsala ba sai ranar da yake neman motar asibiti.

Ostireliya ta sha wannan. Telstra ta so rufe 3G a ƙarshen Yunin 2024, aka yi ta ɗagawa har zuwa 28 ga Oktoba, ranar da ita da Optus suka fara rufewa, kuma babban dalilin shi ne wayoyin da ba za su iya kiran 000, lambar gaggawa ta ƙasar, ba. A ƙarshe hukuma ta tilasta wa kamfanonin su toshe irin waɗannan wayoyi gaba ɗaya daga sabis. Mu abin da ya cece mu shi ne 2G da muka bari, wayar za ta iya sauka can. Amma wannan ya ɗora mana wani aikin, sai mun tabbatar duk inda 3G ke kaiwa 2G ma tana kaiwa, ba a taswira ba, a ƙasa.

Ana cikin haka shugabar sashen manyan kwastomomi ta nemi ganina. Ta ajiye mini jerin layukan da ba mutane ke riƙe da su ba, ta ce, "Injiniya, waɗannan fa ba sa karanta saƙo. Wa za ka tura wa tes, mitar wuta?" Na ce, "Hajiya, ai kamfanonin da suka saye su za ku rubuta wa." Ta ce ta rubuta, rabinsu ba su ma san inda na'urorin suke ba.

Gaskiyarta. Akwai na'urorin biyan kuɗi da kati, da injinan cire kuɗi, da na'urorin bibiyar motoci, da ƙararrawar tsaro, da wayar gaggawa ta cikin lif, da abin wuyan da tsofaffi ke dannawa idan sun faɗi, da na'urorin auna ruwa a wuraren da sai an yi tafiya mai nisa. An dasa su ne da niyyar su yi shekara 10 ko fiye ba a waiwaye su ba, kuma wanda ya dasa wataƙila ya bar aiki, ko kamfanin nasa ya rufe. Abin da kowace ke kawo mana a wata bai taka kara ya karya ba, amma kwantiragin da ke bayansu manya ne, wasu da tarar da za ta ci mu idan sabis ya yanke. Sun zame mana ƙadangaren bakin tulu. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce: a Tarayyar Turai doka ta wajabta wa sababbin samfuran motoci tun ƙarshen Maris 2018 su zo da na'urar eCall mai kiran 112 da kanta idan an yi hatsari, kuma a kan 2G da 3G aka gina ta. Mota kuwa tana iya shekara 15 a kan titi.

Da yawa daga cikin na'urorin suna iya sauka 2G da kansu, a ƙa'ida. Da muka gwada, wasu suka sauka lafiya, wasu suka tsaya suna neman 3G har batirinsu ya mutu, don wanda ya saita su ya kulle su a kai. Irin waɗannan sai mutum ya je da ƙafarsa ya taɓa su. Wa zai biya kuɗin zuwan? An kai ruwa rana a kan wannan, kuma ba a ɗakin injiniyoyi aka warware shi ba. Wasu kwastomomin an rage musu kuɗin wata, wasu an ba su sababbin na'urori bashi, ɗaya ko biyu suka tattara suka koma wajen abokan hamayyarmu da ba su sa ranar rufewa ba tukuna.

Wannan tsoron shi ya mamaye duk wani taro da sashen kasuwanci. Wanda ya fara rufewa shi ke tura kwastomominsa ga maƙwabci. In ka ce wa mutum wayarsa za ta daina aiki, ka ba shi dalilin shiga shago, kuma a shagon akwai sim ɗin kowa. Su suna son a jinkirta, ofishin kuɗi yana son a gaggauta, mu muna tsakiya. An kawo misalin Jio ta Indiya, wadda ta fara a Satumbar 2016 da 4G zalla, ba 2G ba 3G, sannan a 2017 ta fito da ƙaramar waya mai maɓallai da ke yin VoLTE don talaka ya samu shiga. Na ce misalin yana da kyau, amma Jio ba ta da tsofaffin kwastomomin da za ta kwashe daga wani wuri zuwa wani. Daga ƙarshe aka amince a sayar da wayoyin 4G masu sauƙi a kan rangwame, biya kaɗan-kaɗan, ga waɗanda jerinmu ya nuna ba su da mafita. Masu lissafi sun so a taƙaita rangwamen ga waɗanda ke kashe kuɗi sosai. Na ƙi goyon bayan wannan a taron, don wanda ya rage a kan tsohuwar waya ba don so ya rage ba, kuma daidai shi ne wanda lissafinsu zai zubar. An ɗan faɗaɗa, ba kamar yadda na so ba.

Hukumar sadarwa ta nemi sanarwa a rubuce da wa'adi mai tsawo, da shaidar cewa sabis ba zai ragu a ko'ina ba, da rahoto lokaci-lokaci kan yawan waɗanda suka rage. Ta kuma duba lasisinmu ta tabbatar ya halatta mana ɗora wata fasaha a zangon, domin tsofaffin lasisi sukan ambaci fasahar da sunanta. Wannan ɓangaren takardu ne kawai, sun yi yawa amma ba su ba mu wahala ba.

Sannan aka zo aikin dare. Ba a kashe ƙasa guda a tashi ɗaya. Mun raba turaku gungu-gungu, muka fara da yankin da masu 3G suka fi ƙaranci. A wuraren da 3G ke da tasha biyu ko uku a zangon 2100, ɗaya muke fara ɗaukewa mu ba 4G, mu bar sauran su ɗauki waɗanda suka rage. 4G tana aiki da faɗin megahaz 5 ko 10 ko 15 ko 20, don haka duk tashar da aka 'yanto tana shiga daidai. Wahalar tana bakin iyaka. Idan wannan turken ya koma 4G a kan wani zango, na kusa da shi kuma yana 3G a kan zangon nan dai, kowane zai zama hayaniya a kunnen ɗan'uwansa. Sai an bar wasu turaku a tsakani da aka kashe musu zangon ba a kunna komai a kai ba, har gungu na gaba ya biyo. Sai kuma an gyara jerin maƙwabta na kowace tasha, wato sunayen tashoshin da za ta iya miƙa wa kira idan mutum yana tafiya. Ka bar sunan tashar da ta mutu a jeri, waya za ta ɓata lokaci tana nemanta, kira ya yanke.

Ana yin aikin ne bayan tsakar dare, lokacin da kira ya fi ƙaranci, kuma ba a farawa sai an rubuta yadda za a mayar da komai yadda yake idan abu ya ɓaci. Abin da na fi sa wa ido a allo ba rediyo ba ne, cibiya ce. Duk wayar da aka kora daga wata tasha sai ta sake gabatar da kanta, ta ce ga ni nan. Idan dubbai suka yi haka a daƙiƙa ɗaya, cibiya ta kasa amsawa, sai kowace ta sake tambaya, tambayar ta ƙara cunkoson, abu ya yi ta cin kansa. Haka ya faru da KDDI a Japan ranar 2 ga Yulin 2022. Kuskuren saiti na kimanin minti 15 a lokacin gyaran dare ya sa wayoyi suka yi wa na'urorin VoLTE rubdugu da neman rajista, matsalar ta shafi sama da mutum miliyan 30, aka kwashe kimanin sa'a 61 kafin a farfaɗo. Kowa a ɗakinmu ya karanta rahoton. Saboda haka ba mu yanke tasha farat ɗaya. Mukan fara hana sababbin wayoyi shiga, mu rage ƙarfinta sannu a hankali, waɗanda ke kai su zame da kansu zuwa 4G ko 2G, sai ta kusa zama fanko sannan a kulle.

Da gari ya waye ƙungiyar gwaji ke fita da mota cike da wayoyi da kwamfuta, suna bin tituna suna kira suna auna sigina. Alƙaluman gungun farko sun yi kyau, kira yana shiga da sauri fiye da da, murya ta fi fita tas, saurin data ya tashi. Ƙorafin da ya zo ta sashen kula da kwastomomi kuwa wani labari ya bayar, kuma duk daga cikin gine-gine yake: ɗakunan ƙasa, tsakiyar manyan shaguna, wuraren ajiye motoci. Mota ba ta shiga can. Zango na ƙasa kamar 900 ya fi tafiya nesa ya fi ratsa bango, na sama kamar 1800 da 2100 ya fi ɗaukar kaya amma bango na cinye shi. A waɗannan wuraren 3G ta zangon 900 ce ke riƙe da mutane ba mu lura ba. Akwai kuma abin da taswirar sigina ba ta nunawa: waya tana iya jin turke sarai, amma turke bai jin ta, don ƙarfin da take iya fitarwa a kan 4G bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar na wat ba. Sai ka ga sanduna a allo amma ɗayan ɓangaren yana ta cewa ba ya jin ka. Muka sauya tsari, duk inda za a kashe 3G ta 900 sai 4G ta hau zangon a daren, kuma muka matso da iyakar da waya ke miƙa kiran VoLTE zuwa 2G tun kafin muryar ta fara karyewa.

2G ita ma ta yi nishi. Duk wayar da ba ta samu VoLTE ba can ta koma, kuma kowace tasha ramuka 8 gare ta, kowane rami na kira ɗaya, wasu ma na saƙonnin sarrafawa ne. A lokutan cunkoso muka kunna tsarin da ke raba rami ɗaya ga mutum biyu, wanda ke ninka masu kira amma ya rage daɗin murya. A wasu turakun sai da muka mayar mata da ɗan zangon da muka ƙwace. Wani abin da ya biyo baya shi ne hanyar da ke ɗauko data daga turke zuwa cibiya. Ka faɗaɗa 4G a sama, amma turken yana haɗe da tsohon kwanon mikrowef mai ƙaramin ƙarfi, to cunkoson ka matsar kawai daga iska zuwa can. Ja faiba zuwa turke kuwa aikin haƙa ne da neman izini, ba ya cikin kasafin da aka ba mu, sai da aka koma aka roƙo.

Baƙi masu yawo da layin ƙasarsu ma sun shigo lissafi. Kiran VoLTE tsakanin kamfanonin ƙasashe daban yana buƙatar sabuwar yarjejeniya da sabon gwaji da kowane ɗaya, kuma waɗanda muka kammala da su ba su da yawa. Sauran 2G ta ɗauke su.

Bayan gungu na ƙarshe aka rufe manyan na'urorin da ke sarrafa tashoshin 3G, waɗanda 4G ba ta da buƙatar irinsu don kowane turke nata yana yanke shawararsa. Aka goge bayanan da ke cikinsu, aka soke kwantiragin kula da su. Kuɗin wuta ya sauka, amma bai kai abin da ofishin kuɗi ya rubuta a farko ba, domin a sababbin turaku akwati ɗaya ne ke yin 2G da 3G da 4G, ka kashe ɗaya akwatin yana nan a kunne. A tsofaffin ne ake samun ragi na gaske, su kuma sai an tura masu hawa su kwance kayan. Turakun da yawa ba namu ba ne, haya muke yi a wajen kamfanonin turaku, kuma kwantiragin na shekaru masu yawa ne da aka ƙayyade kuɗinsa tun farko. Muka rubuta musu cewa mun sauke kaya, nauyi ya ragu, a rage haya. Suka amsa cewa wurin da muka kama muke biya, ko mun ɗora ko ba mu ɗora ba, in kuma muna so su karɓe wurin su ba wani, to ranar da za mu ɗora eriyar 5G sabon ciniki ne. Lauyoyin ɓangarorin biyu suna kan maganar har yanzu, mu kuma an ce kada mu kwance ko ƙusa ɗaya a waɗannan turakun sai sun gama.